Ƙafar Malam Idrisu

Litinin, 9 ga Agusta 1971, bayan la'asar

Labaran ya dawo daga Kaduna. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya, hannunsa ɗaya a kan kekensa. Ya ce, "Inna, kamfani ya ce ba zai biya ba." Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana kallon ƙasa.

Bari in rubuta abin tun daga tushe, don kada wata rana wani ya zo ya ce mini ba haka aka yi ba. Ni Tasalla ban yi zaman ajin yaƙi da jahilci a banza ba.

Malam, maigidana, ya yi wa hukumar En'e aikin gadin daji tun ina amarya har kaina ya yi furfura. Babu iyakar gandun Kamuku da bai taka ba. Da ya ajiye aiki aka yanka masa fansho, aka ce in ya yi ciwo, gado da likita kyauta ne a asibitin gwamnati. Ana nan sai ga Labaran, ɗan amininsa marigayi, yaron da ya girma a kan tuwona, ya dawo daga birni da jakar fata da sabon keke. Wai shi ne wakilin wani kamfanin inshora na tsofaffin ma'aikata. A kan tabarmar nan ya zauna ya ce, "Baba, gwamnati gado kawai za ta ba ka. Motar zuwa Kaduna fa? In an ce babu allura a asibiti fa? In layin likita ya yi tsawo fa? Mu ne masu cike wannan, har likitan kuɗi za mu kai ka." Malam ya yarda. Duk ƙarshen wata in an biya fansho a baitulmali, Labaran na gindin maɗaci da teburinsa, tsofaffi na miƙa masa nasa kason. Malam bai taɓa tsallake wata ba, har watannin da muka sha miya babu nama babu man gyaɗa.

Makon jiya na sama Malam ya zame a kwazazzabon bayan gona. Ƙafar hagu ta karye ƙasan gwiwa, ƙashi ya hudo fata. Wa ya fara isowa? Labaran. Na ce a kira Malam Enoch, disfensan ɗakin magani. Labaran ya ce, "Haba Inna, wa ke kai karaya asibiti? Su ba su san ɗori ba, wuƙa kawai suka sani. Mu kai shi wurin Bakoji a Dogon Dawa." Maƙwabta duk suka ce gaskiya ne, don kaf garin nan haka muke yi tun kakanni. Shi ya tare motar katako. Shi ya ɗora kan Malam a cinyarsa har muka isa.

Yau kuma ya zo yana ce mini dokar kamfani ce, wai duk wanda ya fara zuwa wurin mai maganin gargajiya ya fita daga hannunsu. Na ce, "Ka san da dokar nan ranar da ka tare mota?" Ya ce shi ɗan aike ne kawai. Ya hau kekensa.

Ban yafe ba.

Talata, 10 ga Agusta, da hantsi

Ba na zagin Bakoji. Tsohon ya yi abin da ya gada. Ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma. Sannan ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗora ita ma, ya ce ranar da kaza ta taka, Malam zai taka. Muka zauna a bukkarsa kwana da kwanaki. Da ƙuda suka fara bin ɗaurin, shi da bakinsa ya ce mini, "Wannan ta fi ƙarfina, ku kai shi gida." Muka dawo ranar Alhamis, har da kazar.

Malam Enoch ya zo ya kwance. Sai da Hauwa'u ta fita da gudu tana toshe hanci, 'yarmu ce, ta baro ɗakinta a Damari ta zo taya ni jinya. Enoch ya wanke abin da zai wanku, ya ja ni tsakar gida ya ce, "Mama, ni ba ni da abin da zan yi a nan. A kai shi Kaduna yau, gobe ma ta yi nisa. In aka yi jinkiri…" Sai ya sa yatsa ya ja layi a kan tasa ƙafar, ƙasan gwiwa. Abin da yake nufi ba zan rubuta shi ba.

Shi ya sa na tura Labaran ya karɓo motar da suka yi alkawari. Na zauna ina jiran sa Juma'a, Asabar, Lahadi, kamar wata sakarya, ina leƙen hanya duk lokacin da na ji ƙarar inji.

Malam kuwa wasa yake yi. Ya ce, "Tasalla, ƙafar nan ta yi wa En'e bauta, ita ma fansho take nema." Na ce masa ba na son irin wannan maganar.

Laraba, 11 ga Agusta, bayan azahar

Na sayar da awakina duka. Mahaucin ya ga idona, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. An sami direban da zai kai mu gobe.

Alhamis, 12 ga Agusta, da safe

Ruwa ya kwana yana zuba. Kwalbatin hanyar Kaduna ya tafi. Babu mai wucewa.

Da mun tafi ranar Juma'ar da na zauna jiran Labaran, da hanya lafiya lau take.

Juma'a, 13 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Ladi matar Labaran ta zo da kwanon kunu, wai a ba Baba. Na ce ta ajiye a can. Da ta juya na zuba wa kare, kuma na tabbatar ta ji ƙarar kwanon. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, na sani. Amma gyaɗar kunun da guminmu aka saye ta.

Na je gidan Malam Mamuda, tsohon abokin aikin Malam, shi tsofaffin 'yan fansho ke jin maganarsa. Na zayyana masa komai. Na ce ya tara su, su daina ba Labaran ko anini, su kai shi gaban alƙali. Ya yi ta shafa gemu. Ya ce, "Tasalla, a yi haƙuri. Mu ma mun daɗe muna zubawa. In muka yi rigima da kamfani, abin da muka zuba fa? Ni ga idona, ana cewa sai an yi aiki. Wataƙila yaron bai sani ba."

Wataƙila bai sani ba. Mutumin da ke yawo da jakar fata. Na ce masa, "Ko ka zo ka duba abokinka ka ga yadda ƙafar ta koma?" Ya ce zai shigo. Bai shigo ba, a zaure ya yi gaisuwa ya tafi. Dukansu haka suke yi, babu mai son ya gani da idonsa, don in ya gani dole ya yi wani abu.

Asabar, 14 ga Agusta, da la'asar

Ina daka barkono ina tunanin idon Labaran.

Lahadi, 15 ga Agusta, bayan magariba

Zazzaɓi ya hau. Malam yana kiran sunayen rafukan daji ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a kashe wuta kada ta ci gandu. Enoch ya zo daga coci ko gida bai biya ba, ya yi masa allurar da ta rage masa a akwati. Ya ce an fara zuba duwatsu a wurin kwalbati.

Na yi sallah na ɗaga hannu zan roƙa wa Malam sauƙi, sai na ji bakina na cewa Allah ya isa. Na sake ɗagawa, na sake jin haka. A na uku ne na samu na roƙi sauƙin.

Laraba, 18 ga Agusta, Kaduna, da yamma

Mun iso jiya. A wurin kwalbati sai da maza suka sauke shi suka haye da shi a kan tabarma, kowane taku yana cije leɓe.

Gaskiyar gwamnati, ta ba da gadon. Malam ya nuna katin fanshonsa, aka kwantar da shi, ba a tambaye mu komai ba. Sai nas ta miƙo mini 'yar takarda ta ce allurar nan babu ita a sito, in je kantin magani. Likitan ƙashi kuma ɗaya ne, mutane na jiran sa har a baranda, masu haɗarin mota ne a gaba. Duk abin da Labaran ya lissafa a kan tabarmata, ga shi yana faruwa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ya san ciwon sarai, maganin ne na ƙarya.

Ina kwana a ƙarƙashin bishiya da sauran masu jinya. Wata Bagwariya daga wajen Kuta ta ba ni rabin tabarmarta.

Juma'a, 20 ga Agusta, bayan azahar

Nas ɗin nan mai kirki, Naomi sunanta, ta ja ni gefe. Ta ce akwai likitan kuɗi a cikin gari da ke buɗe irin wannan ya kankare ƙashi, wani lokaci ana dacewa, amma sai in cikin 'yan kwanakin nan ne. Ta faɗi abin da yake karɓa. Ko gidanmu na sayar ban ga mai saye kafin Litinin ba.

Na ce to, likitan kuɗi ai yana cikin alkawari. Zan je kamfanin da ƙafata. Na gaji da 'yan aike.

Asabar, 21 ga Agusta, da azahar

Dole in rubuta wannan.

Ofis ne a saman bene, da fanka, da hoton wani tsoho da tsohuwa suna dariya. Akawun ya ba ni kujera, ya kira ni Hajiya. Na ce ban je ba tukuna. Na gaya masa komai, ya saurara, ya ce ya tausaya, amma doka ce. Sai na ce bari in gwada shi. Na ce, "Wa ya ce muku mun je wurin mai ɗori? Ku kuna nan, mu muna Birnin Gwari. Kun gan mu?"

Ya ce, "Ai wakilinmu ne ya zo nan ya shaida da bakinsa. Labaran. Ya ce ya hana ku, kuka ƙi ji."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Ya ƙara da cewa wakilin da ya ɓoye irin wannan, aikinsa ne zai tafi, kuma tun ranar da aka ɗauke su ake koya musu dokar.

Ya hana mu, muka ƙi ji. Ni na gan shi yana ɗaga wa motar katako hannu. Ni na ga yana share wa Malam gumi da hularsa.

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na zauna a bakin kwata har wata mai ƙosai ta tambaye ni ko lafiya. Yaron da na yi wa wanka. Ranar da ubansa ya rasu, a ɗakina ya kwana yana kuka, na goya shi da zanena duk da ya wuce goyo.

Ban gaya wa Malam ba. Ya tambaye ni me suka ce, na ce suna dubawa.

Litinin, 23 ga Agusta, da safe

Ban yafe ba. Ban yafe ba duniya da lahira.

Talata, 24 ga Agusta, da la'asar

Hauwa'u ta aiko direba da garin kunu da saƙo. Wai in yi murna, kazar Bakoji ta fara takawa. Na ce ya koma ya ce mata a yanka ta, kada a rage mini ko romo.

Alhamis, 26 ga Agusta, bayan azahar

Layi ya zo kanmu. Likita ya buɗe, bai daɗe yana kallo ba. Ya yi Turanci da Naomi, ita ta juya mana. Ruɓar ta yi baƙi, ta haura. Ko dai abin da Enoch ya nuna da yatsa, ko kuma Malam ɗin gaba ɗaya. Ta ce likita ya ce da mun zo da wuri.

Malam ya ce a kawo takardar ya dangwala. Ya dangwala. Da suka tafi ya ce mini, "Kada ki yi kuka a gaban mutane, uwar Hauwa. Na yi tafiyar da ta ishe ni." Ban yi kuka ba. Abin da ke cikina ba ruwa ba ne.

An sa ranar Litinin.

Asabar, 28 ga Agusta, da hantsi

Na yi ta saƙa da warwara. Alƙali zai tambayi shaida, maƙwabtan da suka ce gaskiya ne ranar nan duk za su ce ba su tuna ba. In na je na yi masa tijara a kasuwa, a ce tsohuwa ta zauce. Malam Mamuda zai ce a yi haƙuri. Magana ba ta kama mutanen nan, na gwada.

Naomi ta tambaye ni wani abu yau. Ta ce in an gama, mu Musulmi wasu kan karɓi abin da aka cire su binne da kansu, wasu su bar wa asibiti. Wanne nake so? Na ce zan karɓa.

Sai bayan ta tafi na tuna Talata ce ƙarshen wata.

Lahadi, 29 ga Agusta, da yamma

Na sayo farin yadi da turare da sabuwar tabarma.

Litinin, 30 ga Agusta, bayan la'asar

An yi. Yana numfashi. Bargon ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba.

Talata, 31 ga Agusta, Birnin Gwari, bayan magariba

Na bar Malam a hannun Naomi da Bagwariyar nan, na karɓi abin da sassafe. Na naɗe da yadi, na zuba turare, na naɗe da tabarma. Ta fi yadda na zata nauyi. Direba ya shaƙi iska ya dube ni, na gaya masa gaskiya. Ya ce Innalillahi, ya sa ni a can baya kan buhuna, bai karɓi kuɗin kaya ba. A cinyata na riƙe ta har gida.

Ban biya gida ba. Na sauka a bakin baitulmali ana tsakiyar biya. Ga tsofaffi a jere a inuwa, ga Labaran gindin maɗaci cikin farar riga, ga Malam Mamuda a gaban tebur ya miƙa nasa ke nan. Labaran ya hango ni ya miƙe, ya ce, "Inna, sannu da hanya, ya jikin Baba?"

Na ɗora a kan teburin, a kan katunansa da jakar fatar. Na kwance tabarma na bar yadin. Siffar ta nuna, warin ma ya fi ƙarfin turaren.

Malam Mamuda ya ce, "Tasalla, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙafar abokinka ce, wadda ka ƙi shiga ka gani. Na kawo maka ita waje."

Na juya ga Labaran, ban ɗaga murya ba. Na ce, "Kai ka tare motar da ta kai ta Dogon Dawa. Ka je Kaduna ka ce ka hana mu. Faɗa a gaban iyayenka, ka hana mu?" Na ce, "To ɗauki. Malam ba shi da ɗa namiji, kai ya riƙa. Kai za ka haƙa."

Ya dubi tsofaffin ko wani zai cece shi. Malam Mamuda ya sa hannu a hankali ya zare abin da ya ajiye a tebur, ya mayar aljihu. Ya ce, "Ɗauka, yaro." Na bayansa ma suka mayar da hannuwansu cikin riga.

Ya ɗauka. Ya rungume ta a ƙirji don babu yadda zai riƙe ta nesa da jikinsa. Tsofaffi suka bi shi a baya da sandunansu, ta cikin kasuwa zuwa maƙabarta, mutane na fitowa daga rumfuna suna tambaya, ana gaya musu. Liman ya ce ba a yi mata sallah, a dai binne da mutunci. Wani ya kawo diga. Ni na tsaya a bakin hanya inda mata ke tsayawa, ina hango shi yana sara, jar laka har wuyan farar rigar. Wani saurayi ya matsa zai karɓe shi, Malam Mamuda ya tare shi da sanda.

Da suka fito ya zube a gabana yana kuka. Ya ce, "Inna, wallahi ranar nan na ruɗe, na manta da dokar, abin da kowa ke yi na yi. Da na tuna, na ji tsoron aikina. Ki yafe mini." Na ce ya matsa, yana tare mini hanya.

Laraba, 1 ga Satumba, da safe

Hauwa'u ta ce teburin na nan gindin maɗaci, ruwa ya dake shi, babu wanda ya ɗauke. An ce Ladi ta tafi gidansu.

Na zaci zan ji sanyi. Na yi barci dai, wannan kam na yi. Na farka na ga takalman Malam na daji a bayan ƙofa, na rasa abin da zan yi da su, na tura ƙarƙashin gado. Mota na jira.

Alhamis, 2 ga Satumba, Kaduna, bayan azahar

Na tarar da shi an jingina shi da matashi, ya sha kunu, idonsa ya washe. Ya ce, "An rufe ta?" Na ce an rufe, a gida, kusa da iyayensa. Ya ce wa ya haƙa. Na ce Labaran.

Ya yi murmushi. Ya ce, "Ka ji ɗan halak. Na san ba zai bar ki ke kaɗai ba. Allah ya yi masa albarka." Ya jira in ce amin. Na tashi na gyara masa matashi.

Can ya fara mutsu-mutsu, yana yamutsa fuska. Na ce ciwo ne, in kira Naomi? Ya ce a'a, ƙaiƙayi ne ya dame shi tun jiya, ya ji kunyar gaya wa nas. Ya ce, "Taimaka ki sosa mini tafin ƙafa." Na kama ta dama. Ya ce, "Ba wannan ba, ta hagu."

Na dube shi, ya rufe ido yana jira. Na sa hannu a kan zanen gado, daidai inda ya kamata ta kai, na fara sosawa.

Ya ce, "Ƙasa kaɗan, wajen diddige."

Na yi ƙasa kaɗan.